Rediyon da Ba Ya Canja Tasha

Idan ka shiga layinmu a Sabon Tasha ka tambayi gidan Istifanus, za a yi ta kallon juna. Amma ka ce Baban Musa mai rediyo, ko ƙaramin yaro zai nuna maka ƙofa. Mijina ne. Ni ce Eunice, mai toya waina a bakin layi, kuma duk wanda ya ce na yi sa'ar miji ba na musa masa. Ba ya shan burkutu, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ranar Lahadi shi ke riga kowa zuwa coci. Sai dai masu yabon nan ba su ne ke zaune da taurin kansa ba, ni ce.

Rediyon nasa baƙi ne, mai rigar fata da ta gama tsattsagewa. Ya saye shi tun muna ɗaki ɗaya a Kakuri, lokacin yana aiki a sashen rini na wata masaƙa. Kowa ya san abu biyu ake murɗawa a jikin rediyo, na ƙara murya da na kamo tasha. Namu na murya kawai gare shi. Inda ɗayan yake, wani dunƙulen gam ne ya bushe ya yi baƙi ƙirin, allurar kuma tana tsaye cak a kan gidan rediyon garinmu. Ba lalacewa ya yi ba. Mai shi ne ya yi masa haka da hannunsa.

Ga yadda aka yi. Ɗanmu Musa yana ɗan shekara huɗu, uban ya ɗauke shi zuwa kasuwar Kakuri zai saya masa takalmin Kirsimeti. Suna cikin tafiya ya ji ana sharhin ƙwallo a rumfar wani mai gyaran rediyo, sai ya ja ya tsaya, wai yanzu zai wuce. Da ya waiwaya babu yaro babu dalilinsa. Muka karaɗe kasuwa, muka je wurin 'yan sanda, na yi kuka har muryata ta dishe. Wani ya ba uban shawara ya kai cigiya gidan rediyo. Ya hau keke ya haye gada ya je, aka kuwa karanta da yamma: ana cigiyar wani yaro mai suna Musa Istifanus, yana sanye da shuɗiyar riga, duk wanda ya gan shi ya taimaka. Washegari da safe sai ga wani dattijo mai tura amalanke daga Makera, ya ɗoro yaron a wuya, ja'irin yana cin ƙosai abinsa. Dattijon ya ce a rediyo ya ji.

Ranar Baban Musa ya rataya rediyonsa ya koma can ya yi musu godiya. A hanyar dawowa ya tsaya a kan gada, ya ɓalle abin kamo tashar, ya wurga shi cikin kogin Kaduna. Da ya iso gida ya liƙe wurin da gam, ya ce mini ya yi alkawari a gaban Allah, muddin yana raye kunnensa ba zai bi wata tasha ba. A lokacin har hawaye na yi, na ce lallai mutumin nan ya san halacci. Da na san abin da ke gaba, da na bi abin nan cikin ruwa na tsamo shi.

Tun daga nan muka zama gidan da ke jin labari a ƙarshe. Duk lokacin da soja suka yi juyin mulki, maƙwabta su kamo London su ji komai da komai, mu kuwa muna zaune da kiɗan badujala har azahar. Idan na ce masa, "Baban Musa, ai an ce an kifar da gwamnati," sai ya ce, "Wa ya ce? Namu ba su faɗa ba tukuna." Kuma ba ya rage muryar rediyon nan saboda kowa. Ko Fasto ne ya zo gaisuwa, sai dai Fasto ya ɗaga tasa muryar. Ni kam na daɗe da sabawa, idan ina da magana da mijina sai in jira batir ya yi sanyi.

A farkon shekarun tamanin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya bar aiki, muka dawo Sabon Tasha gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Yana gane haske da duhu, yana gane mutum idan ya matso kusa, amma iyakarta ke nan. Na yi tsammanin zaman gida zai karya shi. Ashe yana da Asabar.

Duk Asabar da ƙarfe huɗu, gidan rediyon kan kawo ƙwallo kai tsaye daga filin wasa, da Hausa. Mai sharhin wani ne da ake ce wa Tagwai. Ban taɓa ganinsa ba, amma muryarsa na san ta fiye da ta wasu dangina. Idan ya ce, "Ga ta nan, ga ta nan, ya ɗaga kai, ya duba hagunsa, wayyo ya yi jinkiri," sai ka rantse kana wurin. Baban Musa kuwa jin kunne kawai bai ishe shi ba, sai ya ƙirƙiro wani abu, kuma da kayana ya ƙirƙire shi.

Ina da wani babban tire mai fure da nake jera waina a kai. Shi ya mayar filin ƙwallo, wai don yana da baki, kaya ba sa faɗuwa. Ya tara marafan kwalba. Na ƙungiyarmu a kife, bayansu sumul. Na abokan hamayya baki sama, haƙoransu a waje, yadda ɗan yatsa zai gane kowa ba sai ido ya gani ba. Ƙwallon kuwa maɓalli ne, kuma sai daga baya na gano daga rigata ta zumuntar matan coci ya tsinke shi. Tagwai na magana, yatsun Baban Musa na tafiya a kan tire: wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya ja ta gefe, ga kwana, ga gola ya fito. Ba ya kuskure. Wani lokaci ma yakan riga Tagwai, ya tura marfi inda ya san ɗan wasan zai je.

Kafin ka ce kwabo, ƙofar ɗakinmu ta zama wurin taro. Maza masu ido lafiya lau su jawo benci su zauna suna kallon tiren waina, suna ihu, suna zagin wani marfin kwalba wai ya ɓarar da ƙwallo. Ni kuma yammacin Asabar shi ne lokacin da ciniki ya fi tafiya, sai in tsaya a bakin layi ina sayar da waina daga cikin roba kamar wadda ta zo aro. Na yi faɗa, na ɓoye tiren a ƙarƙashin gado, na kai shi ɗakin maƙwabciya. Mutumin da ba ya ganin takalminsa da safe, ko ina na kai tiren nan sai ya lalubo shi.

Sau ɗaya aka taɓa kai shi filin wasa na gaske. Ya dawo ransa a ɓace. Ya ce, "Mutane maƙil suna ta ihu, babu mai gaya maka abin da ake ciki. Wannan ai ba kallon ƙwallo ba ne." Bai sake zuwa ba.

Musa a gindin tiren nan ya girma, don haka ba abin mamaki ba ne da ƙafarsa ta kama ƙwallo. Da ya gama sakandare ya samu aiki a masaƙar da ubansa ya bari, suka sa shi a ƙaramar ƙungiyarsu. Ranar da ya kawo labari, uban ya jawo marafansa. Ya zaɓi wani marfi, ya ɗora shi a kan turmi, ya huda tsakiyarsa da ƙusa, ya sa a aljihu. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Wannan Musa ne. Ranar da na ji an kira sunansa a rediyo yana cikin fili, ranar zai hau tire." Duk wankin da zan yi sai na tarar da marfin nan a aljihun riga, in fitar in ajiye, ya lalubo ya mayar. Bai taɓa gaya mini yana son wani abu a duniya ba, ba kuɗi ba, ba gida ba, ko idonsa ban taɓa jin ya roƙi Allah ya buɗe masa da babbar murya ba. Wannan kaɗai yake jira.

Sai ga daminar 1986. Wata Asabar an jera benci, an jera marafai, ƙarfe huɗu ta yi. Maimakon hayaniyar fili sai muka ji kiɗa. Can wata mace ta ce saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinsu ba za su iya kawo wasa kai tsaye ba, amma za su dawo da shi nan ba da jimawa ba. Daga nan aka sako shirin manoma. Mu da ko kaza ba mu ajiye ba, muka zauna muna jin yadda ake zuba wa masara takin zamani.

Asabar ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Lokacin ne komai ya yi tsada, kowa yana kuka da aljihunsa. Wasu suka ce motar da ke kai kayan aiki filin wasa ce ta lalace, an rasa kayan gyara. Wasu suka ce Tagwai ya gaji da jira ya ajiye aikin ya koma garinsu. Baban Musa duk bai yarda ba. Abu ɗaya ya riƙe: "Sun ce za su dawo." Kowace Asabar ya ɗauke mini tire, ya jera 'yan wasansa, ya zauna ya saurari shirin manoma daga farko har ƙarshe, ko da za a katse a haɗa da fili. Sannan ya kwashe marafai ya miƙo mini tirena bayan masu sayen waina sun watse.

Da abin ya ishe ni na ce to mu je mu tambaye su. Ya sa rigar Lahadi, na riƙe masa hannu, muka shiga mota muka haye gada. Maigadi ko ƙofa bai bar mu mun wuce ba. Ya ce oga ba ya nan, mataimakinsa ma ya fita. Muka zauna a benci a rana, babu wanda ya leƙo. Baban Musa ya kwashe labarin cigiyar Musa kaf ya ba maigadin, shi kuwa yana ta hamma yana korar ƙuda. A mota muna dawowa, ina cike fam, sai ya juyo ya ce mini, "Kin ji yadda maigadin nan yake da ladabi? Mutane ne masu tsari."

Na ce, "Baban Musa, son maso wani ƙoshin wahala. Mutanen nan ba su san kana duniya ba."

Ya ce, "Ranar da nake nema sun sani."

Abin haushi kuma, ba a yi wata biyu da ɗauke sharhin ba aka ɗaga Musa zuwa babbar ƙungiya, aka ba shi lamba tara. Yana buga wasa a filin da ke tsallaken kogi, 'yan layinmu suna zuwa kallo suna dawowa da labari, uban yana gida yana koyon yadda ake adana wake kada ƙwari su ci.

A ɗakin da ke kallon namu akwai Sylvanus, mutumin Binuwai, yana aiki a matatar mai ta wajen Rido. Yana da wani ƙaton rediyo mai kaset, mai lasifika biyu, wanda ke kamo duk inda ake magana a duniya. Tashar Legas takan kawo manyan wasanni da Turanci, don haka 'yan benci suka kwashe bencinsu suka koma ƙofarsa. Sylvanus mutumin arziki ne, abin ya dame shi. Yakan zo ya durƙusa ya ce, "Baba, abeg, don Allah, zo ka zauna da mu. Ka kawo tire ɗinka, ni zan riƙa juya maka da Hausa." Baban Musa ya gode masa, ya ce yana da nasa. Idan sautin can ya yi yawa sai ya ƙara muryar nasa, mu da ke tsakiya mu rasa wanda za mu ji, ɗan wasa ko malamin gona.

Har Fasto na kai ƙara. Ya zo ya zauna, ya ɗaga murya kamar kullum don ya rinjayi rediyon, ya ce alkawari abu ne mai kyau amma gidan rediyo ba Allah ba ne, kuma Allah ba ya riƙe mutum a kan irin wannan. Baban Musa ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Fasto, shekarar da mawaƙanku suka watse, aka yi wata da watanni ana sujada babu waƙar kirki, ka ga na koma wani coci?" Fasto ya sha ruwansa ya yi mana addu'a ya tafi. A ƙofa ya ce mini in yi haƙuri, kamar dama wani abin nake yi tun da aka ɗaura aure.

A 1987 ƙungiyar su Musa ta ba kowa mamaki a gasar cin kofin ƙasa. Ƙaramar ƙungiyar masaƙa, sai ga ta ta kai zagayen da ya rage ƙungiya takwas. Aka haɗa su da wata babbar ƙungiya ta Kudu, za a buga a Ibadan, kuma tashar Legas ta ce za ta watsa wasan ga ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ya san ƙwallo ya san irin wannan ba ta cika zuwa wa ɗan masaƙa sau biyu ba.

Da safen da za su tafi, Musa ya ajiye jakarsa ya durƙusa gaban ubansa. Ya ce, "Baba, don Allah, rana ɗaya tak. Ba sai ka taɓa rediyonka ba. Ka zauna a ƙofar Oga Sylvanus kawai."

Uban ya dafa kansa ya ce, "Je ka yi wasanka, Allah ya tsare. Namu za su kawo. Ɗan gari zai buga a gaban ƙasa duka, kana tsammanin za su yi shiru? Su da suka san sunanka tun kana ɗan mitsitsi?"

Musa ya dube ni. Na ƙulla masa waina a leda, ya tafi.

Ranar wasan tun da rana Baban Musa ya sa na sayo sabon batir. Ya yi wanka, ya sa rigar Lahadi, ya jera marafai a kan tire, ya bar gurbi ɗaya a gaba. Ya fito da mai hujin nan ya riƙe a hannu. A ranar ban ma kunna wutar waina ba. Sylvanus kuwa ya yi dabara: ya jawo tebur tsakiyar gida, ya ɗora ƙaton rediyonsa, ya juya lasifikar tana kallon ƙofarmu. Layinmu kaf ya shigo, har matan zumunta, har masu sayar da itace.

Ƙarfe huɗu ta yi. A rediyon Sylvanus fili ya ɗauki ihu. A namu aka sako kiɗan shirin manoma, malamin gona ya yi sallama ya ce yau za a yi magana a kan tsutsar cikin awaki.

Baban Musa ya ce, "Bari su gama gabatarwa, za su haɗa."

Ba su haɗa ba. Muryar mai sharhin Turancin can tana cika gidan, kuma na ga kunnen mijina ya fara karkata. Yana jin Turanci daidai gwargwado, ya yi shekaru da injiniyoyi a masaƙa. Na ga yatsansa ya taɓa wani marfi ya ɗan tura shi. Zuciyata ta ce an gama, yau Allah ya karya kan nan. Sai kawai ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi. Ya tashi, ya rungumi tire da rediyo, ya shige ɗaki. Na bi shi. Ya rufe taga, ya murɗa muryar rediyon har ƙarshe.

Na ce, "Baban Musa, ɗanka ne fa."

Ya ce, "Na sani."

"Ba ka canja tasha ba, ba ka taɓa komai ba. Iska ce ta kawo maka. Ita ma iskar alkawari ka yi da ita?"

"Idan na zauna ina ji, na saurara ke nan. Ba zan yi wa Allah wayo ba, Maman Musa."

"To ai ba ka jin komai sai zawon akuya."

"Za su haɗa bayan hutun rabin lokaci. Je ki, kada ki rasa."

Na fita, ya sa sakata. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

Turancina bai wuce na ciniki ba, amma Sylvanus yana juya mana. An ci mu ɗaya kafin hutu. Da aka dawo 'yanmu suka matsa. Can sai muryar mai sharhin ta fara hawa, tana sauri, na ji sunan da ba na bukatar tafinta a kansa. Musa Istifanus. Ya sake faɗa da ƙarfi, sannan ya ja wani dogon ihu, ya yi ta maimaita sunan kamar zai tsaga lasifikar. Sylvanus ya yi tsalle ya kifar da benci. Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi.

Na ruga na dinga dukan ƙofa da hannu biyu. "Ya ci! Baban Musa, ɗanka ya ci! Buɗe, har yanzu suna faɗar sunansa!"

Daga ciki malamin gona yana bayanin yadda ake ɗura wa akuya magani. Sai da na yi ta bugu kafin muryar mijina ta fito, a hankali. Ya ce, "Idan ya ci, za su faɗa a labarai."

Kafin a tashi wasan suka ƙara mana ɗaya, aka fitar da mu. Duk da haka babu wanda ya yi baƙin ciki a layinmu, sai shigowa ake ana yi mini barka. Da ƙarfe bakwai ya buɗe ƙofa, ya fito da rediyonsa ya zauna a inda ya saba, marfin yana hannunsa. Mutane suka yi tsit saboda shi. Aka karanta labaran gwamna, aka karanta na farashin kaya, can a ƙarshe mai karatun ya ce a wasan da aka buga yau a Ibadan, ƙungiyar masaƙa ta garin nan ta sha kashi da ci biyu da ɗaya. Sai ya ce ƙarshen labaran ke nan.

Muka jira, ko akwai saura. Aka sako tallar sabulu.

Baban Musa ya ce, "Lokaci ne ya yi musu kaɗan." Ya mayar da marfin aljihu. Na kawo masa tuwo na ajiye, kuma na fi mako ban yi masa magana ba.

Da Musa ya dawo, samari suka ɗauko shi a kafaɗa tun daga bakin titi. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, na ci ƙwallo." Uban ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Haka na ji mutane suna faɗa." Musa ya gane uban bai saurari wasan ba. Bai yi gardama ba, ya tashi ya ɗauki bokiti ya tafi famfo, ya daɗe a can.

Shekarar da ta biyo masaƙa ta rage ma'aikata, ta rushe ƙungiyar ƙwallo. Musa ya yi 'yan buge-buge a wasu ƙananan ƙungiyoyi, gwiwa ta fara damunsa, ya haƙura. Yanzu bas yake ja daga Sabo zuwa babbar kasuwa, yana da mata da 'ya. Ba a sake kiran sunansa a wani rediyo ba. Sharhin ƙwallo bai dawo tasharmu ba, Tagwai kuma ko labarinsa. Baban Musa da kansa ya daina ɗaukar tire, ban san ranar da ya daina ba, na dai lura ina samun abina a inda na ajiye. Amma ƙarfe huɗun Asabar tana yi zai zauna ya kunna. Yanzu ya san noma fiye da masu gona.

Wata Asabar a daminar 1989 ruwa ya hana ni fita bakin layi, na kafa tandata a barandar ɗaki. Gidan shiru, Sylvanus yana wurin aiki. Yana zaune kusa da ni, rediyo na ta bayani a kan ciyawa. Sai na ji ya ce, "Maman Musa, ara mini tire."

Na ce, "Waina ce a kai."

"Juye ta a roba."

Na yi tsaki, amma na juye. Ya goge man da gefen rigarsa, rigar da ni zan wanke. Ya jawo gwangwanin marafansa daga ƙarƙashin kujera ya jera su, namu a kife, nasu baki sama, ya ajiye maɓallina a tsakiya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mai hujin, duk ya yi tsatsa. Bai ɗora shi ba, ya riƙe.

Ya ce, "Ranar nan. Ta wane gefe ƙwallon ta zo masa?"

Na so in ce ya je ya tambayi maigadin nan mai ladabi. Maganar har ta zo bakina. Na ce, "Sylvanus ya ce ta dama. Wani ya ɗago ta, shi kuma ya tare da ƙirji."

Ya tura maɓallin gefen dama. "Sai mai sharhin ya ce me?"

"Ni na san Turanci ne? Sunan kawai na ji."

"Musa kawai ya ce?"

"Musa Istifanus ya ce. Har da naka."

Ruwa na zuba daga kwano, waina tana ƙonewa a tanda, ina jin ƙaurinta ban motsa ba.

Ya ce, "Yaya ya faɗe shi? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Ni, mace da jika, shugabar addu'a a zumuntar mata, na gyara murya na faɗi sunan ɗana yadda mutumin Legas ɗin nan ya faɗa, da hawa da sauri da dogon ihun duka. Ya ɗora marfin a gurbinsa. Ya tura maɓallin har ya bugi bakin tire.

Ya ce, "Ban ji sosai ba. Sake faɗa."

Na ce, "Yaya za ka ji, wannan abin yana ta surutu a kunnenka?"

Sai ya miƙa hannu ya lalubi rediyon, ya murɗa muryar ƙasa, ƙasa, har ta ɗauke. Ya juyo da kunnensa wajena yana jira.